Yadda Likitan Ƙarfe Ya Warkar da Jif ɗin Baba

Likitan Ƙarfe ya sanar da shirinsa ne a ƙofar gidan surukansa, ƙafa ɗaya a kan tayar jif ɗin, da irin muryar nan da ake yi don maƙwabta su ji. Ya ce kafin Asabar zai gano ta inda ruwan motar yake zurarewa, ya toshe wurin, ya hau da ita dutsen bayan gari ya sauko, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Daga nan sai ya buɗe garejinsa a layin, ya kafa allo, sauran kanikawan gari kowa ya nemi wata sana'a tun da sauran ƙarfinsa.

Mijin yayar Auta ne. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, mutane suka karɓa da hannu biyu don abin dariya ba ya yawa a layi. Duk iliminsa na mota bai wuce gadin da ya taɓa yi a wani gareji ba, inda aka sallame shi saboda yana tare masu motoci a bakin ƙofa yana gaya musu cewa maigidansa bai gane ciwon ba. Tun daga nan ya gyara fankar wani mai aski, har gobe bango take hura wa iska.

Auta ya san duk wannan. Abin da ya sa ya tsaya yana saurare shi ne motar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Tsohuwar jif ce koriya, doguwar ƙafa, wadda ta ci yashi da laka da duwatsu tun Auta bai iya tafiya ba. Gilashinta ya daina sauka tuntuni, ƙofar gefen mai zaman banza ba ta buɗuwa sai daga waje. Amma in aka murza makulli da safe, injin yakan yi wani ɗan kakari kafin ya kama, kamar dattijo yana gyaran murya zai yi sallama, kuma a duk gidan wannan ne kaɗai sautin Baba da bai tafi tare da shi ba.

Ciwonta ɗaya: shan ruwa. A cika lagireto fal, a yi 'yar tafiya, allura ta miƙe tsaye, a buɗe a tarar wayam, ƙasa kuma ko ɗigo babu. Baffa, ƙanin Baba, wanda yanzu shi ke da ta cewa a gidan, ya riga ya yi magana da wani mai gawayi. Mutumin ya zo ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa rufin, ya ce nan zai yanke, kujerun baya a cire, buhuna su samu wuri. Auta ya bi Baffa har ɗaki yana roƙo. Baffa ya ce to, in ranar Asabar motar ta hau dutse da shi a ciki ba ta tafasa ba, ta zauna. In ta tafasa, ta tafi gawayi. Kuma ba za a taɓa kuɗin gida a biya bakanike ba.

Auta ba shi da aiki, ba shi da hannun gyara. Da ya je karɓar makulli, Inna ta ɗago kai daga tsintar da take ɗaurewa ta ce, "Mijin 'yata ne, ba zan zage shi ba. Amma ko butar gidan nan ba na ba shi aro." Ta miƙa masa makullin duk da haka. Shi kuma ya kai wa Likita.

Aikin farko, Likita ya sa aka tattaro kwalaye aka shimfiɗa a ƙarƙashin motar, ya ce duk inda ɗigo ya faɗa, nan ɓarawon yake. Da safe kwalayen suna nan a bushe ƙamas, lagireto kuwa ya sha kusan rabi. Likita ya riƙe haɓa, ya dubi sama, ya dubi layi, idonsa ya sauka a kan Mai Wanki da ke tsallaken hanya yana dukan kaya a kan benci. Ya ce shi ke nan, ya gano. Ruwa ba ya da fiffike. In bai zuba ƙasa ba, to ɗiba ake yi, kuma a layin nan mutum ɗaya ne sana'arsa ke cin ruwa.

Mai Wanki ya ajiye sandar bugu, ya tsallako a hankali yana goge hannu.

"Likita, ni kake nufi?"

"Ban kama suna ba."

"Ai kuwa gara ka kama. Wato in bar famfon da ke bakin shagona, in zo in tsotsi ruwan tsatsa da bakina, in wanke wa mutane fararen kaya da shi."

"Ɓarawo ba ya rasa dalili."

"Haka ne. Mai hankali ne kawai ke rasa dalilin da ya sa aka ba ka mata."

Matasan da ke zaune a gindin bishiya suka kwashe da dariya. Likita ya juya ya ce wa Auta kada ya kula, masu laifi haka suke da kaifin baki. Auta ya sunkuyar da kai ya je ya ba Mai Wanki haƙuri a ɓoye.

Aiki na biyu, iska. Likita ya ce a manyan garejoji hura wa lagireto iska ake yi a saurari inda take fita. Ya aro famfon taya wurin Mai Faci, wanda ya ce shi ma sai ya biyo kayansa, ba don bai yarda da Likita ba, sai don ya san shi. Aka cusa bakin famfon a wuyan lagireto, aka naɗe da tsummokara da igiyar roba. Auta yana bugawa, Likita ya kara kunne a jikin babban tiyon sama, ido a lumshe, yana ɗaga hannu a yi shiru. Mai Faci ya ce iskar ta isa haka, ba tayar tirela ba ce. Likita ya ce a ƙara. Auta ya ƙara. Tiyon ya kumbura kamar kwaɗo, ya yi wata 'yar ƙara, ya tsage daidai inda kunnen yake.

Likita ya tashi daga ƙasa, jan ruwan tsatsa yana tsiyaya daga kunnensa zuwa cikin riga, yana magana da ƙarfi don ya daina jin kansa. Ya nuna tsagar da yatsa ya ce ga ta nan, ga ƙofar da ruwan ke fita.

Mai Faci ya leƙa ya ce, "Samu ka yi ko yi ka yi?"

Likita ya ce bai ji ba, kunnen ya toshe. Aka samo guntun tsohon tiyo a bayan shagon Mai Faci aka ɗaura, aka cika ruwa, Auta ya zagaya layi da motar ya dawo. Ruwan ya ragu kamar yadda ya saba, ƙasa kuma a bushe.

A nan ne ya kamata Auta ya karɓe makullinsa. Ya ma kai ido aljihun Likita. Amma Asabar tana matsowa, mai gawayi ya sake wucewa a kan babur yana kallon rufin motar kamar mahauci yana kallon bijimi, kuma wanda ba shi da wata dabara ba ya korar mai dabarar banza.

Aiki na uku ya buƙaci bula, shuɗin nan da ake sa wa fararen kaya. Likita ya ce ruwa fari ne shi ya sa yake ɓuya, a rina shi a ga inda zai bi. A duk layin mutum ɗaya ke da bula. Likita ya tura Auta. Mai Wanki ya ce ya koma ya turo wanda ya aiko shi. Likita ya tsallaka yana wasa da sifana a hannu, ya ce maganar ran nan ai wasa ce irin ta maƙwabta. Mai Wanki ya bar shi a tsaye a rana har ya gama shanya zannuwa, sannan ya miƙa masa ƙullin ya ce ɗan kaɗan ake sawa, a bakin cokali. Likita ya juye ƙullin gaba ɗaya a lagireto, ya ce cokali na masu wanki ne, wannan aikin inji ne.

Ya tayar da motar, ya shige ƙarƙashinta da tabarma don ya kama ɗigon farko da idonsa. Auta ya zauna a dakali yana jira. Can sai ya ji wani sauti ya shiga cikin ƙarar injin, ya zabura ya ɗauka sabon ciwo ne. Da ya leƙa, Likita ne ke minshari, baki buɗe, akuyar maƙwabta tana cin gefen tabarmar. Da aka tashe shi ya ce ba barci yake ba, sauraren injin yake da cikinsa. Shuɗi kuwa ko na ɗiga a ido ba a gani ba.

Wani zai ce ya kasa. Likita ya ce wannan shi ne babban sakamako: hudar ta yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinta, saboda haka daga ciki za a liƙe ta. Ya shiga gida kai tsaye zuwa akurkin kajin Inna ya kwaso duk ƙwan da ke ciki. Matarsa, yayar Auta, ta tare shi a tsakar gida ta tambaye shi ko motar ce za ta karya kumallo. Ya yi mata bayani cikin tausayi irin wanda ake yi wa marasa ilimi, cewa ƙwai in ya ji zafi yakan daskare, ruwa ya tura shi bakin huda, ya toshe. Ta ce ta ji ana sa ɗaya. Ya ce ɗaya na ƙananan motoci ne. Ya kuma ɗauke gwangwanin garin barkonon da ke kan kantar madafa, ya ce shi ne zai cike 'yan ƙofofin da ƙwai ya raina.

Inna tana bakin ƙofar ɗakinta. Ta dai bi kwanon ƙwan da kallo har ya fita.

Aka fasa, aka zuba, aka bi da barkono, aka rufe. Da injin ya ɗauki zafi, layin ya cika da wani wari da ya sa Mai Wanki ya kwashe shanyarsa. Murfin lagireto ya fara huci, ɗan siririn tiyon da ke gefensa, wanda ke rage ruwa in zafi ya yi yawa, ya fara tofar da kumfa shuɗiya. Likita ya yi tsalle ya ce ga maƙaryacin nan, ashe su biyu ne suka haɗa baki, shi da ɓoyayyiyar hudar. Ya fiƙe tsinke ya cusa a tiyon, ya naɗe murfin da roba, ya bi da waya ya murɗe da filaya har sai da jijiyar wuyansa ta fito. Mai Faci ya ce wannan hanyar numfashin motar ce ya toshe. Likita ya ce mai liƙe taya ya tsaya a taya.

Saura allura. Auta ya nuna masa ta fara hawa. Likita ya ƙura mata ido, ya ce wannan allurar ta tsufa, ta saba da ƙarya tun zamanin marigayi, ba ta san an yi gyara ba. Ya zura hannu bayan injin ya fizge wata waya. Allurar ta faɗi ta kwanta a kan sanyi.

"Ka gani? Ko ƙanƙara albarka."

Auta ya daɗe yana kallon allurar. Ya san abin da aka yi, ba yaro ba ne. Amma tun rasuwar Baba bai ga wani abu a gidan nan ya kwanta lafiya haka ba, sai ya bar ta a kwance.

Ranar Asabar da hantsi layin ya cika. Likita ya riga ya bi shago shago ya gayyaci mutane, har ya sa an rubuta masa allon gareji ya jingine a bango, fuska a ciki, sai an dawo a buɗe. Baffa ya fito cikin fararen kaya masu guga, da farin takalmi, ya zauna gaba, Auta ya rufe masa ƙofa daga waje. Mai gawayi ya ce shi ma zai shiga ya ji lafiyar kayansa, ya zauna baya kusa da Auta. Auta ya so ya tuƙa, Likita ya ce likita ba ya ba ɗan jinya allura. Mai Faci ya goya Mai Wanki a babur, matasa suka biyo a kekuna.

A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya motar ta yi kyau, har Auta ya fara jin kunyar zargin da ya yi. Likita yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna wa Baffa allura. Da suka fara hawa dutsen, Baffa ya motsa ƙafa ya ce yana jin danshi a takalminsa. Likita ya ce zufa ce, manya sukan yi ta a ƙafa. Suka ƙara gaba. Baffa ya sunkuya ya ɗago, ya ce tunda yake bai taɓa yin shuɗiyar zufa ba.

Likita ya buɗe baki zai amsa. Wani abu ya yi tus a ƙarƙashin allon gaba, daidai gwiwar Baffa, ruwa mai zafi ya feso, shuɗi shar, da gutsattsarin dafaffen ƙwai, tururi ya cika motar. Baffa ya ɗage ƙafafu bisa kujera kamar wanda ya ga maciji, yana salati yana dukan ƙofar da ba ta buɗuwa. Sai barkonon ya iso. Mai gawayi ya yi atishawar da ta cire masa hula. Auta yana murza hannun gilashi, gilashin yana nan inda Baba ya bar shi. Kowa yana tari, kowa yana hawaye, kowa yana cewa a tsaya.

Likita ya leƙa madubi ya ga jama'a a baya, ya hango ƙarshen dutsen a gaba, ya ce saura ƙiris, allura ma ba ta motsa ba. Ya danna mai. Injin ya fara wata ƙara kamar ana buga guduma a cikin ganga, ya yi rawar sanyi, ya ja wani dogon numfashi, ya yi shiru. Irin shirun da Auta ya sani tun ranar rasuwar Baba.

Mai Faci ne ya buɗe wa Baffa ƙofa. Baffa ya fito shuɗi daga ƙirji zuwa tafin ƙafa, gwaiduwa a gemu, idanu jajur, yana atishawa yana neman kalmar da ta dace da surukin gida a gaban mutane, bai samu ba. Mai Wanki ya zagaya shi sau ɗaya da idon sana'a ya ce, "Baffa, kada ka kawo mini. Wannan sai dai a ƙarasa rinin."

Mai gawayi, da ya samu numfashi, ya koma ya ɗaga tabarmar roba ta wurin ƙafar Baffa. Ƙarƙashinta soso ne jiƙe sharkaf, ƙarfen ya ci tsatsa, ga wata 'yar huda da ruwa ke bi ya zube a hanya in ana tafiya. Ya zura kai ya ce ai ga shi, ɗan ƙaramin lagireton hita ne da ke ɗumama cikin mota, shi ke yoyo tun tuni, soso yana shanyewa. Da an cire tiyo biyun an haɗa su da guntun bututu, da an gama. Ya je ya kama fankar injin ya gwada juyawa da dukan ƙarfinsa, ko gezau. Ya ce injin ya narke ya kama kansa, shi gawayi yake sayarwa ba ƙarfe ba, ko kyauta aka ba shi ba shi da inda zai ajiye. Ya ɗauki hularsa ya nemi mai keke ya goya shi.

Likita ya share hanci, ya hau kan wani dutse ya ce jama'a su shaida, bula ta yi aikinta, ga wurin yoyon nan kowa ya gani da idonsa, kuma wane bakanike ne a garin nan ya taɓa gano ciwo a gaban shaidu haka. Wani cikin matasan ya ce a kawo allon a buɗe masa a nan. Wani ya ce a rataya masa a wuya.

Baffa ya juya ga Auta, yana nuna motar da shuɗin yatsa. "Ka so ta, ga ta nan. Ka riƙe. Kai da mijin yayarka ku ci ƙwan da ke ciki."

Aka juya motar da hannu, aka fuskantar da ita gangare. Ba wanda ya yarda Likita ya sake shiga, har Baffa da ya zaɓi bayan babur. Auta ya zauna a sitiyari shi kaɗai, ya saki birki, jif ɗin ta gangaro a hankali, ba kakari, ba gyaran murya, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Matasan da ke biye a kekuna suka ga yana ta share ido, suka ce barkonon nan da ƙarfi yake. Iska ta daɗe da fitar da barkonon ta ƙofar da aka bari buɗe. Auta bai gyara musu ba.

A ƙofar gida aka tura ta gindin bishiya aka sa duwatsu a taya. Inna ta fito, ta dubi Baffa ya wuce ciki yana barin shuɗin sawu, ta dubi motar, ta dubi ɗanta.

"Ta zauna?"

"Ta zauna, Inna. Amma ba za ta ƙara tashi ba."

Inna ta ɗora tafin hannu a kan bonet ɗin, da sauran ɗumi, ta bar shi a nan. Ana haka Likita ya iso a ƙafa, yana haki, takalmi ɗaya a hannu. Ya ce Inna ta kwantar da hankalinta, ya kori mai gawayi kamar yadda ya tsara tun farko, abin da ya rage ƙaramin aiki ne, gobe da sassafe zai zo ya buɗe injin.

Inna ba ta dube shi ba. Ta ɗaga murya kaɗan ta kira 'yarta daga cikin gida, ta ce ta zo ta raka mijinta, kuma in gobe ya fito da sifana a hannu, ta haɗa kayanta ta riga shi isowa.